Tabarma ɗaya, salon wasa uku: a haɗa su ko a raba?

Jagaban_Ringim
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka daɗe suna jan wasan labari na dayis, irin su Dungeons & Dragons, wato D&D a taƙaice, inda kowane ɗan wasa yake riƙe jarumi ɗaya a cikin labari. A birni mutum yana iya zaɓar rukunin da ya dace da shi. A ƙauye ba haka ba ne, waɗanda suka iya wasan a gari guda da wuya su wuce mutum shida, kuma dukkansu tabarma ɗaya za su hau. A cikin shidan nan za ka tarar biyu ba abin da suke so sai faɗa, a shimfiɗa taswira a ƙirga taku. Biyu kuma hira suke so, su tsaya gaban hakimin cikin labari su yi ta kai ruwa rana da shi. Ɗaya yawo yake so, ya ga abin da ke bayan kowane dutse. Na shidan ya zo ne don abokansa suna wurin. Lokacin kuma daga bayan Isha'i zuwa ƙarfe goma ne, awa biyu in an yi sa'a. A ganina duk za su iya zama wuri ɗaya in jagoran wasan, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ya iya rabon lokaci, kuma rukunin da ya watse laifin jagora ne. Ko akwai mai ganin gara a raba su tun farko?

Mai_Taswira
Wa alaikumus salam. Malam Jagaba, kafin a ɗora wa jagora laifi a fara yin lissafin lokaci. A bugu na biyar na D&D, wanda ya fito a 2014, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari. A kan tabarma kuwa, in kowane ɗan wasa ya ci minti biyu kafin ya yanke shawara, ya jefa dayis, ya haɗa lissafi, mutum shida minti 12 ke nan. Ƙara minti huɗu na jagora da abokan gaba. Zagaye ɗaya ya tashi minti 16, faɗa mai zagaye huɗu ya haura awa guda. Rabin daren ya tafi a faɗa ɗaya, masu son hira suna zaune sun yi tagumi. Wannan ba jagora ne ya raba ba, dokar wasan ce ta ɗebi kasonta.

Ana iya rage shi. A rubuta sunan kowa a 'yar takarda a jera gaban jagora yadda kowa zai ga wanda ke bin wani. In layi ya zo kan mutum, jagora ya kira na bayansa ya ce masa ya shirya. A jefa dayis na kai hari da na rauni tare, in harin bai samu ba a yi watsi da na raunin. Jagora ya daina jefa wa dodanni dayis na rauni, ya ɗauki matsakaicin adadin da littafin ya rubuta a gefen kowane hari. Abokan gaba iri ɗaya su motsa lokaci guda. Wanda ya wuce rabin minti bai faɗi abin da zai yi ba, a ce jaruminsa ya tsaya yana kare kansa, a wuce.

Uwar_Tatsuniya
Gaggauta faɗa ba zai gamsar da mai son hira ba, Malam Mai_Taswira. Ɗauki takardar jarumi ta D&D ka duba abin da ya cika ta: makami, sulke, makin rai (lambar da ke raguwa in jarumi ya ji rauni), saurin tafiya. Asali ne ya jawo haka. Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka fitar da wasan a Amurka a 1974, daga wasan yaƙi na ƙananan sojojin da ake jerawa a tebur suka fito. Shi ya sa faɗa yake da babi guda na doka, lallashin hakimi kuwa sau da yawa jifa ɗaya ne, ko ka ci ko ka faɗi.

Rukunin da hira ta fi rinjaye a cikinsa ya ɗauki tsarin Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010. 'Yan ludo biyu kawai ake nema. Ka jefa, ka haɗa su, ka ƙara lambar halin jaruminka, 'yar ƙarama ce kamar 1 ko 2. In jimillar ta kai 10 ka samu abin da kake so. In ta tsaya tsakanin 7 da 9 ka samu, amma da sharaɗi ko hasara. In 6 ce ko ƙasa, jagora ne zai faɗi abin da ya biyo baya, kuma ba mai daɗi ba. Jagora ba ya jefa dayis sam.

Ga yadda yake a aikace. Bafatake ya je gaban sarkin kasuwa yana roƙon a sakar masa jakunan da aka kama, ya jefa ya samu 8. Sarkin kasuwa ya ce a sake su, amma ko ya bar mangala ɗaya ta kanwa jingina, ko ya faɗi sunan wanda ya shigo da su ba a biya kuɗin ƙofa ba. Yanzu sai ya zaɓa tsakanin dukiyarsa da amanar abokinsa, kuma duk wanda ke kan tabarmar zai miƙe zaune ya ji abin da zai ce.

Malamin_Lissafi
Abin da ya sa tsarin da Malama ta kawo yake aiki yana cikin lissafinsa. 'Yan ludo biyu suna faɗuwa ta hanya 36. Ba tare da ƙarin komai ba, hanya 6 ce ke ba da 10 ko fiye, 15 ke ba da 7 zuwa 9, 15 kuma ke ba da 6 ko ƙasa. In jarumi yana da ƙarin 1, sai ya koma 10, 16, 10. Wato sakamakon da ya fi fitowa shi ne na tsakiyar nan, "ka samu amma". Dayis mai fuska 20 kuwa kowace fuska kashi 5 cikin 100 ce, ba ya jan sakamako zuwa tsakiya.

ƊanGumel
Tunda an zo maganar dayis, mai fuska 20 ɗin ba a samunsa a kasuwar ƙauye. Ai sai a jefa 'yan ludo uku a madadinsa, tunda matsakaicinsu ɗaya ne.

Malamin_Lissafi
Matsakaicin ɗaya ne, 10 da rabi, amma nan kamar ta tsaya. 'Yan ludo uku daga 3 zuwa 18 suke ba da lamba, kuma kusan rabin jifa yana faɗawa tsakanin 9 da 12. Aikin da D&D ya ɗauka matsakaicin wuya ana neman 15 a cikinsa. Da mai fuska 20, in babu ƙari, kashi 30 cikin 100 ne. Da 'yan ludo uku hanya 20 ce cikin 216, bai kai kashi 10 ba. Abu mai wuya zai zama kusan gagarau, mai sauƙi kuma ba za a taɓa faɗuwa a kansa ba, sannan 20 ɗin da ke ba da mummunan sara ba za ta taɓa fitowa ba.

Kazaure_20
To katin whot fa? Yana da lambobi har da 20.

Malamin_Lissafi
Whot ba shi da 6, ba shi da 9, daga 14 kuma sai ya tsallaka zuwa 20. Ba zai yi ba. A karta ta gargajiya ana iya ware kati 20, ja daga 1 zuwa 10 a ƙirga su yadda suke, baƙi daga 1 zuwa 10 a ƙara wa kowanne 10. Amma mafi sauƙi shi ne murafun kwalbar lemo guda 20 iri ɗaya, a rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu da maka, a zuba a jakar yadi mai kauri. Kuskure biyu ake yi. Na farko a zaro murfi a ajiye shi gefe. Dole a mayar da shi a girgiza kafin na gaba ya zara, in ba haka ba lissafin ya canza. Na biyu a sa murfin da mabuɗi ya lanƙwasa, bayan zama biyu yatsun 'yan wasa sun haddace shi. Murfin roba mai murɗawa ya fi. In doka ta ba jarumi fifiko, ya zara sau biyu, yana mayarwa a tsakani, ya ɗauki babba. Wannan yana ɗaga damar samun 11 ko fiye daga kashi 50 zuwa 75.

Mai fuska 4: jefa ɗan ludo, in 5 ko 6 ta fito a sake. Mai fuska 12: 'yan ludo biyu masu launi daban, in na biyun ya nuna 4, 5 ko 6 a ƙara wa na farkon 6.

Dattijon_Gaya
Kun yi nisa a dayis kun bar tambayar. Jagaba, ɗana, ka ƙirga mai son yawo a matsayin mutum ɗaya cikin shida, alhali salonsa ne zai iya haɗa maka sauran. Ku duba tsohon bugun D&D na 1981 wanda Tom Moldvay ya tsara. A can jarumin farko rauni gare shi ƙwarai, mai siddabaru ma makin ransa daga dayis mai fuska 4 yake fitowa, kuma makin rai ya kai sifiri an mutu, babu ja-in-ja. Makin ci gaba kuma, wanda ke ƙara wa jarumi ƙarfi, mafi yawansa daga dukiyar da aka fito da ita yake zuwa, kowace zinariya maki ɗaya. Saboda haka faɗa abin gudu ne, sai in ya zama dole ko an riga an shirya tarko.

Akwai dokoki uku a bugun nan da nake ganin kowane jagora ya kamata ya ara. In an haɗu da baƙo, a jefa 'yan ludo biyu a ga yadda zai karɓe su: 2 ya afka musu, 12 ya rungume su, 6 zuwa 8 yana shakka, a nan mai baki yake samun aiki. Na biyu, abokan gaba suna da lambar ƙarfin zuciya. In na farkonsu ya faɗi, da kuma in rabinsu sun faɗi, a jefa 'yan ludo biyu, in jimillar ta haura lambarsu su watse ko su miƙa wuya. Wannan kaɗai yana yanke faɗan Mai_Taswira gida biyu, kuma yana bar wa masu hira fursuna da za su yi wa tambayoyi. Na uku ƙirgen lokaci: a cikin kogo kowane juyi minti goma ne, wutar yula tana ci juyi shida, kuma duk bayan juyi biyu ana jefa ɗan ludo, in 1 ta fito wani abu ya same su. Inda ake lalata wannan shi ne jagora ya manta ƙirge. A ajiye tsakuwa shida a tsakiyar tabarma, duk juyi a ɗauke ɗaya. In saura biyu kuma wutar ita ce ta ƙarshe, ba sai ka ce wa kowa ya hanzarta ba.

Jagaban_Ringim
Baba Dattijo, na karɓi dokar ƙarfin zuciya. Amma mutuwa da jifa ɗaya fa? Mai son labari yakan yi wata uku yana gina jaruminsa, ya san sunan kakarsa da bashin da ake binsa. In kibiya ɗaya ta kashe shi a bakin kogo, ba zai sake zuwa ba.

Bahaɗejiya
Shi ya sa ake zaman share fage kafin a fara kowace doguwar tafiya, tun ran gini tun ran zane. Zama ne guda da ba a wasa a cikinsa, magana kawai ake yi, kuma jagora ya rubuta abin da aka amince a bangon littafinsa. Maganar mutuwa ita ce ta farko. Hanya uku ce a gabanku: ta 1981 da Baba ya faɗa, ta bugu na biyar, inda wanda ya faɗi yake jefa mai fuska 20 duk zagaye, 10 ko fiye ya ci, cin uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu, ko kuma a yarda cewa jarumi ba ya mutuwa sai mai shi ya amince, amma in ya faɗi zai rasa wani abu da ba ya dawowa, ido, ko doki, ko mutuncinsa a garin. Kowace tana aiki. Wadda ba ta aiki ita ce rabin tabarma suna zaton ta farko ake bi, rabi suna zaton ta uku.

Sai a tambaya ko jarumi zai iya sata a jakar ɗan uwansa ko ya ɗaga masa makami. A rukunin ƙauye, inda 'yan wasan maƙwabta ne ko 'yan uwa, shawarata a hana shi gaba ɗaya, domin rigimar ba a kan tabarma take tsayawa ba. A kuma yanke mutum nawa ne in sun hallara za a fara, da abin da za a yi da jarumin wanda bai zo ba. Sannan kowa ya faɗi abin da ba ya so ya ji a labari. Wanda aka taɓa sace masa ɗan uwa ba zai ɗauki labarin garkuwa da mutane wasa ba, kuma ba lallai ya faɗa a gaban jama'a ba. John Stavropoulos ya ƙirƙiro kati mai alamar X don wannan: wanda ya taɓa katin, a sauya zancen ba tare da an tambaye shi dalili ba. Murfin kwano a tsakiyar tabarma ya wadatar.

Manomin_Jahun
Duk kuna magana kamar mutum shidan nan za su riƙa zuwa kowane mako. Da ruwa ya sauka an tafi shuka, ga noman farko, ga maimai, wanda ya wuni a sunkuye ba zai zauna lissafi bayan Isha'i ba. Kaka ta zo ga girbi. Rani ya shiga rabin samarin sun tafi cin rani, masu fadama kuma suna ban ruwa. Labari mai zare ɗaya, wanda sai kowa yana nan yake tafiya, ba ya kai wata biyu.

Tsarin da ya dace da mu shi ne wanda Ben Robbins ya bayyana a 2007 da sunan West Marches. Akwai gari ɗaya mai aminci, bayan ganuwarsa daji ne. Kowane zama daga garin ake fita, kuma dole a dawo cikinsa kafin a tashi. Babu ranar wasa tsayayya: 'yan wasa ne suke haɗa kansu, uku ko huɗu, su gaya wa jagora ranar da kuma inda za su nufa, don ya shirya wurin. Taswira ɗaya ce ta kowa, a bayan tsohuwar kalanda, duk wanda ya gano rijiya ko kufai ya zana. To ka ga amsar tambayarka, Malam Jagaba. Masu son faɗa su haɗu su nufi sansanin 'yan fashi ranar Talata, masu hira su je sulhu da garin maƙwabta ranar Asabar, duniya ɗaya, taswira ɗaya. Ba a raba rukuni ba, ba a kuma tilasta wa kowa zaman da ba ya so ba.

Mai_Taswira
Wannan tsarin aikin jagora yake ninkawa. Sai ya riƙe littafin abin da kowace ƙungiya ta canza, in ba haka ba 'yan Asabar za su je su tarar da mutumin da 'yan Talata suka kashe yana zaune yana cin tuwo. Sannan a sa doka kan wanda lokaci ya ƙare masa a daji. Mai sauƙi: minti 15 kafin tashi kowa ya jefa ɗan ludo, 1 ya dawo da rauni, 2 ya yar da rabin kayansa, sauran lafiya lau.

Na_Tsangaya
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne yake rufe rukuni a ƙauye fiye da duk abin da kuka lissafa. Dattijo ya wuce ya ga samari sun zagaye dayis da dare, abin da zai fara zuwa ransa caca. Malamai kuma suna da magana a kan wasan dayis, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya zauna. Abin da ke hannun rukuni shi ne: kada ko sisi ya hau tabarmar, kada a yi wasa a ɓoye, a zauna a zaure ko ƙofar gida inda kowa zai gani, a tashi da jin kiran salla ko ana tsakiyar faɗa. Mai gidan da ake zama a zaurensa a yi masa bayani tun ranar farko, a nuna masa takardun. Ana kuma iya yin wasan babu sa'a a ciki sam, an buga irinsa tun 1991, Amber Diceless. Hanya mai sauƙi: kowa ya karɓi tsakuwa biyar a farkon zama, jagora ya faɗi tsadar aiki, ɗaya zuwa uku, wanda ya biya ya yi nasara, wanda tsakuwarsa ta ƙare sai dabara.

Na biyu, littafin D&D yana da jarumai masu bautar alloli da masu tsafi. Ba dole ne a ɗauko su ba.

YarBirninKudu
Gaskiya ne Malam, kuma cire su ba ya rage komai in an san abin da za a sa a gurbinsu. Lambobin su zauna yadda suke, suna da sana'a kawai za a sauya. Mai warkarwa ya zama wanzami ko mai magani da jakar saiwoyinsa, mai kibiya ya zama maharbi, mai sulke ya zama dogari ko ɗan lifida, mai waƙa ya zama maroƙi, mai naushi ya zama ɗan dambe. Labarin kuma a ɗora shi a kan ayarin fatake, irin waɗanda suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu mai yanke hukunci, da jagaba mai sanin hanya, kuma kowane zango zama ɗaya ne na wasa. A cikin zango guda akwai cinikin kuɗin wucewa da sarkin gari, akwai neman mashigin kogi, akwai gadin dare. Mai hira, mai yawo da mai faɗa kowa ya samu abin yi, kuma in ɗaya ya gaza ayarin duka ne zai ji a jikinsa. Kuɗin a ƙirga da kuɗin wuri irin na da, a wakilta su da ƙwayar wake, kowace ƙwaya wuri ɗari.

Kazaure_20
Wata tambayar da ke raba rukunai: jagora ya jefa dayis a ɓoye ko a fili? Ni ina ganin a ɓoye, don in jifa zai kashe jarumi a banza ya iya sassautawa.

Dattijon_Gaya
A fili. Ranar da 'yan wasa suka gane ana sassauta musu, duk nasarar da suka taɓa yi ta zama kyauta, mai son faɗa kuma ba zai ƙara yarda da kai ba. In ba ka shirya karɓar abin da dayis zai ce ba, kada ka jefa. Ka faɗi abin da zai faru in an faɗi tun kafin jifa: "in ka kasa, igiyar za ta tsinke ka faɗa rijiyar." Ya ji, ya zaɓa.

Uwar_Tatsuniya
A nan na yarda da Baba. Abin da ake ɓoyewa shi ne jifan da sakamakonsa zai tona asiri, kamar ko jarumi ya lura ana bin sawunsa.

Jagaban_Ringim
Bari in dawo da mu. Manomin_Jahun ya ce a raba ranaku, YarBirninKudu ta ce a raba zango kashi uku. Amma a duka biyun, lokacin da ɗaya yake wasa ɗayan jira yake. Babu hanyar da mai faɗa da mai hira za su yi aiki a fage ɗaya lokaci ɗaya?

Bahaɗejiya
Akwai. A ari agogon Blades in the Dark na John Harper, 2017. Da'ira ce ake zanawa a takarda a raba ta gida huɗu, shida ko takwas gwargwadon wuyar aiki. Ka ce 'yan fashi sun biyo ayari har bakin ganuwa bayan magariba, an rufe ƙofa. Zana agogo mai gida shida, sunansa "sarkin ƙofa ya buɗe". Masu faɗa suna tare hanya a kan taswira. Mai hira, in layi ya zo kansa, magana yake da sarkin ƙofa ta kafar ƙyaure: cikakkiyar nasara ya cike gida biyu, nasara mai sharaɗi gida ɗaya, faɗuwa babu ko ɗaya. Mai yawo yana neman inda ganuwa ta zaizaye. Faɗan ba ya ƙarewa da kashe kowa, yana ƙarewa ne in agogon ya cika, don haka zagaye uku zuwa shida ne in mai hira bai faɗi jifa ba. Kuskuren da ake yi shi ne a ɓoye agogon. A ajiye shi inda mai faɗa zai gani, ya san saura gida biyu ya daure.

Mai_Taswira
Wannan yana da kyau sau ɗaya a zama biyu ko uku. In kowane faɗa ya zama da agogo, masu taswira za su ji an mayar da su masu gadin mai magana. Su abin da suke nema shi ne wuri ya yi tasiri: kowane gida a taswira inci ɗaya ne, taku biyar a labari, jarumi yana tafiya gida shida, wa ya hau tudu, wa ya toshe lungu. Ko guraben dara a ƙasa sun isa yin wannan in babu takarda, muddin an ƙara layuka.

ƊanGumel
Wasu rukunan a WhatsApp suke yin hirar. Tsakanin zama da zama mai son magana yana aika wa jagora saƙon murya da bakin jaruminsa, jagora ya amsa da bakin hakimi, ranar haɗuwa sai faɗa da yawo.

Manomin_Jahun
Sai dai wanda ba shi da babbar waya, ko cajinsa sai ranar kasuwa, zai zo ya tarar an ƙulla yarjejeniya uku ba da shi ba. In za a yi haka, a kafa sharaɗi: a waya ana iya jin labari da ƙulla sani, amma duk abin da zai ɗaure ayari duka sai a kan tabarma. Jagora kuma ya buɗe zama da minti biyar na maimaita abin da aka yi a waya.

Uwar_Tatsuniya
Har yanzu ina nan a kan cewa in huɗu cikin shida hira suke so, a sauya littafin dokar gaba ɗaya, kada a yi ta yi wa D&D faci. Sannan ba wanda ya ce komai game da na shidan, wanda ya zo don abokansa. Kada a matsa masa ya yi dogon jawabi. A ba shi jarumi mai aiki ɗaya bayyananne, a damƙa masa tsakuwoyin ƙirgen lokaci ko zanen taswira, kuma sau ɗaya a kowane zama jagora ya kira sunan jaruminsa ya tambaye shi kai tsaye abin da zai yi.

Jagaban_Ringim
Na janye rabin maganata, ba kowane watsewa ne laifin jagora ba. Amma ban gamsu da sauya littafi ba, Malama, domin masu faɗan nan biyu lissafin ne ya kawo su. Baba Dattijo, dokar ƙarfin zuciyar nan, dodannin bugu na biyar ba su zo da lambar ba. Nawa za a ba su?

Dattijon_Gaya
Ma'aunin daga 2 zuwa 12 ne, mai 12 ba ya gudu ko kaɗan. Ɓarayin hanya da aka tara don ganima ka ba su 6 ko 7, dakarun da suka saba yaƙi 8 ko 9, ka ƙara 1 in shugabansu yana tsaye a cikinsu, ka rage 2 in shi ne ya fara faɗuwa. Dabbar da ke kare 'ya'yanta ka ba ta 11. Ka rubuta lambar a gefen makin ransu tun kana shiri a gida.